Ɗigo ɗaya duk bayan minti biyar

Jiya da daddare ina ta faman share tsofaffin hotuna saboda wayata ta cika har ta daina karɓar saƙo, sai na faɗa kan wani sikirinshot na watan Afrilun 2022. Ɗan mitsitsin dagin Arewa ne kore a kan fari, in ba ka ja hoton ka buɗa shi ba bai fi ƙwayar gero ba, a gefensa na dama kuma ga wata 'yar kyanwa ruwan toka mai jan kunne. Wallahi na fi minti goma ina kallon abin nan na kasa gogewa, ƙarshe sai na tashi na kunna kwamfuta na fara rubutun nan, don na lura cikin abokaina da muke sana'ar zane tare da yawansu ba su ma taɓa jin labarin r/place ba, ni kuwa ban taɓa shiga wani aikin zane da ya zauna min a rai kamar wannan ba.

Bari in fara da bayanin abin don wanda bai sani ba. A Reddit aka yi shi, wani babban shafin tattaunawa a intanet, karon farko ranar 1 ga Afrilun 2017, ranar nan da Turawa ke zolayar junansu. Wani ma'aikacin Reddit ɗan yankin Wales mai suna Josh Wardle ne ya kawo dabarar, shi ne dai mutumin da daga baya ya ƙirƙiri wasan kalmomin nan Wordle wanda jaridar New York Times ta saya a farkon 2022. Farin allo ne fetal aka ajiye a intanet, gida 1000 a tsaye gida 1000 a kwance, gida miliyan ɗaya kenan, ga launi 16, ka zaɓi wanda kake so ka ɗiga a gida ɗaya tal, daga nan an rufe ka sai bayan minti biyar ka sake ɗiga wani (a wancan karon ma jiran yakan kai har minti 20). Kuma kowa yana da ikon ya zo ya ɗiga nasa a kan naka. Babu shugaba, babu alƙali, babu wanda yace ga abin da za a zana. 'Yar sanarwar da suka saka layi huɗu ce kacal, ma'anarta dai kai kaɗai za ka iya yin wani abu, amma in kun haɗu za ku yi wanda ya fi shi.

To zauna ka yi lissafi kaga inda dabarar take. Mutum ɗaya in yace shi zai cike allon nan, ɗigo miliyan ɗaya sau minti biyar, sai ya shekara tara da rabi yana dannawa ba barci ba cin abinci. Abin kuwa awa 72 kawai aka ba shi. Ko ɗan zane mai gida 20 a 20 kace za ka yi kai kaɗai sai ka share awa 33, kafin ka kai tsakiya wani ya riga ya taka farkon. Duk gwanintarka, duk tsadar kwamfutarka, ɗigo ɗaya gare ka daidai da na yaron da ke riƙe da tsohuwar waya mai fasasshen gilashi. Dole ka nemi mutane.

A 2017 awannin farko shirme aka yi ta yi, kowa na ɗiga abin da yaga dama, har da zanen banza irin na bangon banɗakin makaranta. Sai can wasu suka fara shafe kusurwar ƙasa ta dama da shuɗi, ba don komai ba, kawai shuɗi, mutane suka yi ta shiga cikinsu har abin ya zama ƙungiya. Wasu suka ja doguwar hanya mai launin bakan gizo, wasu suka zauna suka fitar da hoton Mona Lisa ɗigo bayan ɗigo, sai ga wasu kuma masu baƙi zalla da ake kira Void, su aikinsu su tsiro a tsakiyar allo su riƙa miƙa jijiyoyi suna cinye zanen mutane, su a nasu ganin share fili suke don sabon abu ya samu wurin fitowa. Wanda ya fi burge ni a labarin shekarar shi ne na Jamus da Faransa. Tutar Jamus ta yi ta miƙewa tana tafiya har ta hau kan ta Faransa, aka yi ta gwabzawa, Faransawa suka ja tutarsu zuwa sama, ƙarshe wurin da aka yi rigima a kansa sai aka zana tutar Tarayyar Turai, shuɗiya mai taurari. Babu wanda ya aiko musu da umarni daga sama, su suka zauna suka sasanta. Kafin a rufe sama da mutum miliyan ɗaya sun saka hannu, ɗigo wajen miliyan 16.

Ni lokacin ban ma san ana yi ba. Nawa labarin na 2022 ne.

Ranar Juma'a ce 1 ga wata, muna zaune gida malaman jami'a suna yajin aiki tun watan Fabrairu, ni ina ɗan taɓa zanen katin biki da fosta a kwamfuta ina samun na kashewa, ga zafin Afrilu ga jiran ganin watan azumi. Bayan la'asar ɗan baffana da ke karatu a waje ya turo min linki a WhatsApp yace ƙanina kai da kake zane shiga nan ka gani. Na shiga naga hayaniyar launuka kawai kamar an zubar da kwandon duwatsun ado, nace Yaya meye wannan kuma, yace kai dai ɗiga ɗaya ka jira. Na ɗiga kore a wani fili, ko minti ɗaya bai yi ba wani ya maye shi da ja. Gaskiya raina ya ɗan sosu, don ni a sana'ata ko layi ɗaya kwastoma ya sa aka taɓa min a zane ba da sanina ba sai na kwana ina jin abin. A daren aka sanar an ga wata, Asabar muka tashi da azumi, kuma kafin sahur Yaya ya riga ya buɗe guruf ya zuba mu ciki, 'yan uwa da abokan makaranta da abokan abokai, da muka ƙirga mu 23 ne.

Zo mu zauna zo mu saɓa, tun kafin a ɗiga komai aka fara musu. Wasu sukace tuta za a yi tunda kowace ƙasa tuta take yi, wasu sukace a rubuta sunan garinmu, wani yace ƙwallo. Ni nace dagi, saboda tuta kowa na da ita amma dagi namu ne, yana jikin soron gidajenmu yana jikin riguna yana jikin kwanon sha. An kai wajen awa biyu ana jan magana kafin aka yarda, kuma sai da na haƙura da launin da naso, ni ruwan ƙasa na so irin na ginin gargajiya, jama'a sukace kore da fari, na bi.

Daga nan na gane ban iya abin da nake zaton na iya ba, don dagi zare ne ke hawa kan zare yana shiga ƙarƙashin wani, a kwamfuta da layi mai lanƙwasa minti goma ya ishe ni, amma a gida 15 a 15 babu lanƙwasa, kowane gida ko kore ko fari. Na zana sau wajen shida yana fitowa kamar gicciye mai kumburi. Ƙanwata tana gefe a kan tabarma tana ɗinkin hula, ita sana'arta kenan tun tana 'yar ƙarama a wajen kakarmu ta koya, ta leƙo tace Yaya ai ba haka ake ƙirga ba, in kana so ido yaga zaren ya bi ta ƙarƙashi sai ka bar gida ɗaya fari kafin mahaɗar da gida ɗaya bayanta. Ta ɗauko tsohon littafinta na lissafi mai gida-gida ta yage takarda ɗaya, ta ɗauki biro, tana ƙirgawa a hankali da bakinta kamar yadda take ƙirga idon allura, kafin a kira magariba ta miƙo min. Dagi sak. Na ɗauki hoton takardar na sa wa kowane layi lamba na tura guruf, ita ce ta zama taswirarmu. Manyan ƙungiyoyi su suna da wata manhaja da ke ɗora musu taswirar a saman allon kowa yaga launin da ya kamata a kowane gida, mu takardar ƙanwata ce da lambobi.

Sai a lokacin ma na tsaya na yi tunanin hular kanta. Wani ne ke zana ta, wata ta ɗinka, wani ya wanke ya buga ta a kan gungume, wani ya kai kasuwa, kuma wanda ya saka ta ranar Juma'a bai san sunan ko ɗaya a cikinsu ba. Shekara da shekaru ina ganin hula a gidanmu ban taɓa kallonta a matsayin aikin taron dangi ba sai ranar.

Matsalar wuri ce ta rage, don allon ya cika maƙil, duk inda ka sa ƙafa gonar wani ce. Allah ya taimake mu ranar Asabar ɗin da yamma Reddit suka ninka allon, sabon farin fili ya buɗe ta dama, duniya gaba ɗaya ta ruga kamar an buɗe ƙofar rabon kaya. Yaya ya turo lambobin wani lungu yace kowa ya kama layinsa yanzu yanzu. Gida 225 ne, mu 23, kusan zagaye goma kenan, minti 50 in babu wanda netwok ya yanke wa, amma ina, wannan yace cajinsa ya ƙare an ɗauke wuta, wancan yace an aike shi siyo ƙanƙara, ni kaina da dabino a hannu ɗaya waya a ɗaya na sha ruwa. Ya ɗauke mu wajen awa biyu. Lokacin da gidan ƙarshe ya cika naga dagin nan ya tsaya cif a tsakiyar zanen mutanen duniya, tsigar jikina sai da ta tashi, na miƙa wa ƙanwata wayar ba tare da nace komai ba, ta kalla ta kalla sannan ta ruga ta nuna wa Umma.

Abin da babu wanda ya faɗa mana shi ne zanawa ita ce mai sauƙin. Gadi shi ne aikin. Muka tafi tarawihi muka dawo muka tarar an cinye rabin dagin, wani ɓangare masu wucewa ne kawai ke jefa ɗigo don ɓarna, wani ɓangare kuma maƙwabtanmu ne na dama masu zana kyanwa, jelarta ta shigo mana gida uku. Matasan guruf suka ce a rama, a tsone mata ido da kore. Har an fara, sai Yaya yace ku dakata, ya bi ya nemo inda suke taruwa a manhajar hira ta Discord ya shiga ya yi musu sallama. Ashe su ma ba su da yawa, ba su kai 40 ba, yawancinsu 'yan Foland ne, Turancinsu kame-kame namu ma kame-kame. Ya tura musu hoton takardar ƙanwata yace ga abin da muke yi, alama ce ta mutanenmu. Wata a cikinsu ta tambaya ko irin ƙullin nan ne marar farko marar ƙarshe, Yaya yace eh kusan haka. Suka lanƙwasa jelar kyanwar ta koma sama, mu kuma muka matsa da farin gefenmu gida ɗaya, aka ja baƙin layi a tsakani ya zama iyaka.

Sai kuma maganar barci ta taso, kuma nan ne abin ya yi min daɗi har yau. Su damuwarsu ƙarshen dare, daga ƙarfe uku zuwa asuba duk sun yi barci, lokacin kuma mutanen Amurka idonsu biyu suna ta yawo a allon. Mu kuwa damuwarmu daga shan ruwa zuwa a idar da tarawihi, babu mai taɓa waya. Yaya yace musu ai mu ƙarfe uku da rabi muna tashi sahur, sukace meye sahur, ya yi musu bayani. Shi kenan aka ƙulla, mu mu tsare musu kyanwa da asuba su su tsare mana dagi da magariba. Na tuna daren Lahadi, ina zaune a tsakar gida da kwanon tuwo a gabana da kofin shayi, babu wuta sai hasken waya, ina jiran minti biyar ta cika in gyara wa kyanwar wasu mutane kunne, mutanen da ban san fuskarsu ba ban san addininsu ba kuma na san har abada ba za mu haɗu ba. Ɗigona na daren nan kaf a jikin kyanwar suka ƙare, ko ɗaya ban sa a dagin ba don babu abin da ya same shi. Da magariba kuma muka dawo daga masallaci muka tarar da shi lafiya lau, ga saƙo sun bari cewa an kawo hari sau biyu sun gyara, har da tambayar ko mun sha ruwa lafiya.

Baba ya gan ni a daren yace kai kuma me kake ta dannawa abinci na hucewa, na yi masa bayani iya yadda zan iya. Ya yi shiru can yace to ai gayya kuke yi. Ya shiga ba ni labarin ƙauyensu lokacin yana saurayi, mai gona ya aika da goro, samari su fito da sassafe kowa da garmarsa, mai gangar noma yana binsu yana zuga su da kirari, kowa ya kama kunyarsa, mata su kawo fura da tuwo, gonar da mutum ɗaya zai yi sati biyu a kanta kafin azahar an tashi. Yace kuma in dawa ta nuna babu mai zuwa ya nuna wata kunya yace wannan ni na yi ta. Sannan yace gayya rance ce, yau an zo taka gobe kai za ka je ta wani, wanda ba ya zuwa ta mutane ranar tasa shi da garmarsa kaɗai zai gani. Nace Baba to ai mu bambancin babu mai gona, kuma kana nomawa wani na bin bayanka yana tonewa. Yace to ku naku ya fi wuya, sai ku riƙe maƙwabtanku da kyau.

Ba zan ce komai na r/place alheri ba ne, don naga abin da ya ɓata min rai sosai. Tutoci sun cinye wuri fiye da kima, manyan ƙasashe su shimfiɗa tuta daga wannan bango zuwa wancan su danne ƙananan zane goma a hanya, duk da dai wasunsu daga baya sukan ƙawata cikin tutar, 'yan Holan misali sun fitar da wani shahararren zanen Rembrandt da in ka gani ba za ka yarda da ɗigo ɗai-ɗai aka yi shi ba. 'Yan Kanada su kuma ganyen tutarsu ya gagare su, aka yi ta tsokanarsu ana juya sunan ƙasar yana komawa sunan ayaba da Turanci. Ga ƙananan mutanen wasan Among Us da aka yi ta ɓoyewa cikin zanen kowa, in ka buɗa hoto sosai sai ka gansu birjik kamar tururuwa. Waɗannan duk wasa ne. Abin da ba wasa ba shi ne masu bot, mutum ɗaya ya buɗe akawun ɗari ya haɗa su da manhaja tana ɗiga masa yana barci, wanda hakan ya karya ainihin ƙa'idar da ta sa abin ya yi kyau tun farko. Sai kuma manyan masu watsa shiri kai tsaye a Twitch, mutum ɗaya da mabiya dubu ɗari yana nuna wuri da yatsa yace ku shafe nan, cikin daƙiƙa kaɗan aikin da wasu suka kwana biyu suna yi ya tafi.

Ko a cikin su ɗin ma akwai abin kallo, ba zan ɓoye ba. Bayan an sake ninka allon ranar Lahadi ya koma 2000 a 2000, launuka suka kai 32, Faransawa ƙarƙashin wani mai suna Kameto da abokansa suka kama kusurwar ƙasa ta hagu suka shimfiɗa ƙatuwar tuta da hoton Zidane a ciki, su Ibai na Sifaniya da wasu na Amurka suka taru a kansu. Dabarar da Faransawan suka yi ta tsaya min a rai, sun raba mutanensu gida huɗu gwargwadon lokacin shekarar da aka haifi mutum, sai a kira rukuni ɗaya su ɗiga gaba ɗaya sauran su riƙe nasu, kafin a zagayo kan na farko minti biyar ɗinsu ta cika, don haka ko yaushe akwai masu ɗigo a hannu. Dubban ɗaruruwan mutane suna bin kira ɗaya kamar masu bin ganga.

Mu irin wannan guguwar ce ta tafi da mu. Ranar Litinin da rana, azumi ya fara cizo yawancinmu mun ɗan kwanta, wani mai mabiya da yawa ya zaɓi unguwarmu gaba ɗaya zai sa tambarinsa. Ina kallo da idona, ko minti biyu ba a yi ba, dagi da kyanwa da wasu ƙananan zane wajen bakwai da ke kewaye duk suka koma launi ɗaya. Na sa ɗigona ɗaya a inda tsakiyar dagin yake, ya ɓace kafin in ɗauke yatsa. Ƙanwata tace Yaya shi kenan? nace shi kenan. Idonta ya ciko, nima dai ban iya ce mata komai ba. Mun gwada dawowa sau biyu mu da masu kyanwar a haɗe, mutum sittin da wani abu a gaban dubbai, abin bai yiwu ba. Don haka in ka je ka duba hoton ƙarshe na 2022 ba za ka ga dagin namu ba, sai dai a bidiyon nan da aka haɗa na kwanakin gaba ɗaya cikin 'yan mintuna, in ka san lungun kuma ka tsayar a daidai wurin, za ka ga wani ɗan kore ya bayyana ya ɓace.

Wasu a guruf suka yi fushi suka fita, ban ga laifinsu ba. Mu da muka rage, mu wajen goma sha ɗaya, da 'yan Foland ɗin muka yanke shawarar tunda ba mu da gida to mu zama 'yan taya aiki, duk inda aka ga ƙaramin zane ana cin zalinsa a turo lambobi mu je mu gyara. A yammacin nan na gyara fuskar wani ɗan wasan kwaikwayon katun da ban san sunansa ba, na gyara harafi a wata kalma ta yaren da ban iya karantawa ba, na sa ɗigo biyu a wani hoton tunawa da wani mamaci da abokansa suka zana. A da in aka tambaye ni meye daɗin zane zan ce ka gama ka sa sunanka a ƙasa mutane su yaba. Ranar ban sa suna a komai ba, kuma duk minti biyar in ta cika sai in ji kamar an ba ni wata 'yar kyauta da zan kai wa wani.

Can wajen tsakar dare agogonmu sai launuka suka ɓace gaba ɗaya, fari kaɗai aka bari. Da farko mutane sun zaci matsala ce, sai aka gane rufewa ake yi, kuma mu da kanmu za mu shafe. Sama da mutum miliyan 10 ne suka saka hannu a kwana huɗun nan, ɗigo sama da miliyan 160, kuma kana kallo tutoci da fuskoki da komai suna narkewa, kusurwar Faransa ma da aka yi ta yaƙi a kanta tana cikin na farkon da suka yi fari fat. Na daɗe riƙe da ɗigona na ƙarshe ban san inda zan sa shi ba, ƙarshe na koma lungunmu na sa shi a kan tambarin da ya danne mu. A Discord masu kyanwar suna ta sallama, ɗaya ya rubuta mana barka da azumi da irin rubutun da ya kwafo daga wani wuri, Yaya ya mayar masa da godiya da yarensu shi ma kwafowa ya yi. Daga baya Reddit suka saki bayanan kowane ɗigo da aka saka, wasu masu sa kai kuma suka haɗa taswira mai bayanin zane-zanen allon ɗaya bayan ɗaya, wa ya yi shi kuma me yake nufi, shi ma wani aikin gayyar ne mai zaman kansa.

An sake yi a watan Yulin 2023 amma lokacin mutane na fushi da shugabancin Reddit kan kuɗin da suka ɗora wa manhajojin da wasu daban suka ƙirƙira don shiga shafin, allon ya cika da zagin shugaban kamfanin, na leƙa sau biyu na fita.

Abin da ya canza a aikina ƙarami ne amma ni na san shi. Yanzu in na yi zane nakan tura wa abokan sana'a biyu ko uku fayil ɗin a buɗe ince ku taɓa, abin da a da ko da kuɗi ba zan yi ba. Duk aikin da ya shafi ado na gargajiya kuma sai na kai wa ƙanwata ta duba, kuma ina biyanta, don ta fi ni ido nesa ba kusa ba. Abin da ke damuna kawai shi ne yadda muke da dubban matasa masu zane da waya a hannu daga Kano har Damagaram, gurufofinmu cike da mutane, amma da wuya kaga an ce yau mu ɗari mu haɗu mu fitar da abu ɗaya, kowa yana lungunsa yana gadin ɗan tambarinsa kar a sace masa kwastoma. Na san dalilin, abinci ake nema, nima cikinsa nake. Amma dai ina jin ciwon abin.

A 2025 wani ɗan Brazil mai suna Murilo Matsubara ya buɗe wani mai kama da shi da ake kira Wplace, shi a kan taswirar duniya ake zanen, kana iya zuwa daidai saman unguwarku ka ɗiga, kuma ɗigo yana dawo maka duk bayan daƙiƙa 30, sannan ba kwana huɗu ba ne a rufe. Jiya bayan naga sikirinshot ɗin nan na nemo tsohon guruf ɗinmu, yana nan ashe babu wanda ya goge shi, saƙon ƙarshe tun na barka da sallar 2022. Na tura hoton nace wa yake nan? Zuwa safiyar yau mutum biyar sun amsa har da Yaya, mun sa Asabar bayan la'asar za mu sake zana dagin a Wplace. Na kira ƙanwata a gidan mijinta nace ko takardar nan tana nan, tace tana cikin gwangwanin zarenta, amma kar mu fara sai ta sake zana ta, wai tun wancan lokacin kusurwar hagu ta sama ba ta yi mata ba, gida ɗaya ya yi yawa.